Majigi biyu na saya kafin in iya sayen majigi

A farkon watan Janairun 2024, ana saura ƴan kwanaki a buɗe gasar cin kofin Afirka a Kodebuwa, na fita daga gidana da ke unguwar Bukoki a Yamai da niyyar sayen talabijin mai ɗan faɗi, amma da la'asar sai ga ni na dawo da kwalin majigi ɗaure a bayan babur. Samarin fadar ƙofar gidanmu sun daɗe suna cika mini falo duk ranar wasa, uwargida kuma ta gaji da share ɓawon gyaɗa da ganyen shayi, saboda haka da wani mai rumfa ya ce mini da jika 45 kacal, wato sefa dubu 45, zan mayar da katangar tsakar gida allon kallo mai faɗin mita 3, ban tsaya dogon tunani ba. A jikin kwalin an rubuta lumen 9000, wato ma'aunin ƙarfin haskenta, da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinsa kuma an ƙara 4K. Ya ja ƙofar rumfar, ya haska hoton a kan wani farin kwali da bai kai taku biyu daga na'urar ba, hoton ya fito tar. "Alhaji, wannan ko da rana tsaka sai ka ga gumin ɗan wasa," in ji shi. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar na karɓi Alhajin, na kuma ƙirga masa kuɗinsa.

Masu sayar da ita a Yamai bidiyo-projektar suke ce mata, ni kuwa na fi son tsohuwar kalmar da na gada daga bakin manya, wato majigi, wadda tun zamanin Turawa ake kiran na'urar da ke jefa hoto a bango da ita.

Wasan farko da muka yi niyyar kallo na ƙarfe 6 na yamma ne a agogonmu. A watan Janairu rana ba ta faɗuwa a Yamai sai wajen bakwai saura, don haka rabin farko gaba ɗaya mun zauna ne muna kallon katanga, muna jin muryar mai sharhi, muna hango wasu inuwoyi masu kai da kawowa kamar mutane cikin hazon hunturu. Sai bayan sallar magariba hoton ya fara bayyana, shi ma dishi-dishi, kuma lambar da ke bayan rigar ɗan wasa ba ta karantuwa. Wani yaro daga cikin samarin ya ce, "Baba, ko dai mu koma falo?" Muka koma falo, gaban tsohuwar talabijin ɗin da na raina.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne lumen iri-iri ne a bakin masu talla. Awon da ake dogara da shi shi ne wanda ake rubutawa ANSI lumen, ko kuma na ISO 21118, inda ake haska farin hoto, a auna haske a wurare 9 na allon, a fitar da matsakaicinsu, sannan a ninka da girman filin hoton. Wannan awo yana faɗin hasken da ya iso bango. Lambar da ke jikin kwalina kuwa ba ta ɗauke da ANSI, kuma irin waɗannan lambobi sau da yawa hasken fitilar da ke ciki suke nufi kafin ya ratsa gilasai ya rasa mafi yawan ƙarfinsa, wani lokaci ma ba su nufin komai sai abin da mai buga kwali ya ga dama. Abin ya yi yawa har kamfanin Epson ya sha kai wasu masu sayar da ƙananan majigai ƙara a kotunan Amurka kan ƙaryar lumen. Irin tawa, idan aka auna ta da gaskiya, ƴan ɗaruruwa ne kawai take bayarwa.

Dabarar mai rumfa kuwa ba tsafi ba ce, lissafi ne da ni kaina nake koyar da irinsa. Hasken da majigi take fitarwa ƙayyadadde ne, kamar man shafawa ne a tafin hannu: gwargwadon faɗin wurin da ka shafa, gwargwadon yadda zai yi siriri. Idan ka ninka faɗin hoto sau biyu, filinsa ya ninku sau huɗu, haskensa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya nuna mini hoto mai faɗin rabin mita a cikin rumfa rufaffiya, ni kuma na je na buɗe shi ya kai mita 3 a sararin Allah, wato na raba haske ɗaya a fili mai girma sau 36, sannan na sa shi kokawa da ranar Yamai. Ko majigi mai tsada ba ta cin wannan kokawa. Majigi ba ta iya zana baƙi, abin da ka gani baƙi a hoto launin bangon ne da kansa inda haske bai taɓa ba, don haka muddin akwai haske a wurin, baƙinka toka-toka ne, hoton kuma ya wanke.

Batun 4K ma haka ya kasance. A can ƙasan takardar da ke cikin kwalin, da ƙananan baƙaƙe, na tarar ainihin ɗigon hotonta, wato ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto, 800 ne a kwance da 480 a tsaye. Abin da 4K ɗin yake nufi shi ne tana karɓar hoto mai wannan inganci ta matse shi zuwa ƙarfinta. Hoton da ake kira Full HD ɗigo 1920 ne a 1080, na 4K kuwa 3840 a 2160, tsakaninsu da abin da na saya akwai tafiyar Yamai zuwa Tawa. Tambayar da ta kamata mai saye ya yi ita ce ɗigo nawa na'urar take fitarwa da kanta, kuma ya nemi a nuna masa a rubuce.

Wata shida bayan haka buƙatar gaske ta taso. Ina da ɗan ɗakin horo a wajen Wadata inda nake koya wa matasa da sakatarorin ƙungiyoyin mata aikin kwamfuta da riƙe lissafin kasuwanci, kuma na gaji da tara mutum 20 a bayan kwamfuta ɗaya kowa yana leƙe ta kafaɗar wani. Wannan karon ban fara da kasuwa ba. Na fara da wani dattijo mai gyaran talabijin da majigi, wanda rumfarsa take cike da gawarwakin na'urori har rufi, na zauna a benci na gaya masa abin da nake so. Bai tambaye ni nawa nake da shi ba. Ya ce, "Mushe, ɗakin naka taga nawa ne, ina suke kallo? Rufin kwano ne ko dal? Ƙarfe nawa kake karatu? Mita nawa daga bango zuwa inda za ka ajiye ta?" Na amsa uku, ta huɗun ban sani ba. Ya ce in je in auno in dawo.

Awon nan da na raina shi ne ya fara tace mini na'urorin da zan duba. Kowace majigi tana da lambar da ke nuna dangantakar nisanta da bango da faɗin hoton da za ta bayar. Idan lambar 1.5 ce, hoto mai faɗin mita 2 yana buƙatar a ja na'urar baya mita 3. Allon da ake cewa inci 100, a tsarin 16 da 9, faɗinsa mita 2.21 ne, tsayinsa kuma kusan 1.25, don haka yana neman nisan mita 3 da ɗan ɗori. Akwai masu gajeren zango da lambarsu take wajen 0.5, waɗanda daga mita ɗaya suke cika bango, suna da daɗi ga malami domin inuwarsa ba ta faɗa wa hoto kuma haske ba ya dukan idonsa, sai dai sun fi tsada kuma ba su yafe wa bango mai tudu da kwari, irin shafen da magina da yawa suke yi mana. Ɗakina zurfinsa mita 7 ne, saboda haka mai zango na yau da kullum ta wadatar, in dai na rataye ta a sama. Dattijon ya kuma gargaɗe ni da maɓallin da ke daidaita hoto idan an ajiye na'ura a karkace: yana gyara kusurwoyi ta hanyar zubar da wani kaso na ɗigon da ka biya kuɗinsa, rubutu ya yi laushi. Gara a gyara mazaunin na'urar da a gyara hoton.

Daga nan muka shiga zancen da ya fi jan hankalinsa, wato ƙura. Ya ɗauko wata majigi da aka kawo masa daga wani ofishi, ya zare matacinta, ya buga shi a gefen benci, sai da jan gari ya tashi muka yi tari mu biyu. Majigai na kirki kashi biyu ne mafi yawa. Akwai masu LCD uku, irin waɗanda Epson ya fi shahara da su, inda haske yake rabuwa ja da kore da shuɗi, kowane ya ratsa gilashinsa sannan su haɗu. Launinsu yana cika ido, amma iska tana bi ta kusa da gilasan don sanyaya su, shi ya sa suke da mataci, kuma idan ƙura ta tsallake ta zauna a gilashi sai ka ga wani tabo mai laushi yana bin kowane hoto. Akwai kuma masu DLP, fasahar da Larry Hornbeck ya ƙirƙiro a kamfanin Texas Instruments a 1987, inda ɗan falle da bai wuce farcen babban yatsa ba yake ɗauke da ƙananan madubai, ɗaya ga kowane ɗigo, suna karkata sau dubbai a daƙiƙa guda. BenQ da Optoma da Acer yawanci wannan hanya suke bi. Hanyar haskensu ta fi zama a rufe, ƙura ba ta saurin isa ga hoton, ko da yake tana taruwa a fanka da mafitar iska kamar kowace na'ura. Aibinsu shi ne masu falle ɗaya suna samar da launi ne da wani faifai mai juyawa, wasu mutane kuma idonsu yana kama walƙiyar bakan gizo a gefen farin abu, kuma launukan ba su kai farin haske ba.

Shi dattijon ra'ayinsa a fili yake. Ya ce a garin da hunturu yake shiga ɗaki ko an rufe ƙofa, mutumin da ba zai tuna da wanke mataci duk mako biyu ba, kada ya yaudari kansa. Na san halina, na kuma san aikina rubutu ne da lambobi a kan farin shafi, ba fina-finai ba, don haka na karkata ga DLP. Da a ce don falo nake saye, inda ake son ciyawar fili ta yi kore shar, da na fi tsayawa a kan LCD uku.

Inda muka daɗe muna ja-in-ja shi ne fitila. Tsofaffin majigai da yawancin masu sauƙin kuɗi suna aiki da ƙwan fitila mai zaiba a ciki, wanda masu gyara suke kira ampul. Kamfanoni sukan rubuta masa awa 4000 zuwa 6000, ya kai 10,000 ko fiye idan an sa shi a yanayin tattali, kuma ma'anar wannan lamba ita ce lokacin da haskensa zai ragu zuwa rabi, ba ranar mutuwarsa ba. Masu leza da masu LED ana rubuta musu awa 20,000 zuwa sama, suna kamawa nan take, ana kashe su nan take, ba ruwansu da jiran sanyi. Ni ina karatu awa 4 a rana, kwana 5 a mako, wato kimanin awa 1000 a shekara, a takarda ke nan ampul ɗaya zai kai ni shekara huɗu ko biyar. Amma takardar ba a Yamai aka rubuta ta ba. Yawancin majigai an ƙayyade musu aiki ne har zuwa digiri 35 ko 40, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ko a inuwa mukan haura 40, balle a ƙarƙashin kwano da ƙarfe 3 na rana. Zafi yana rage kwanan ampul, yana kuma sa na'ura ta kashe kanta a tsakiyar darasi.

Sai babbar matsala, ɗaukewar wuta. Idan ka kashe majigi mai ampul ta hanyar da ta dace, fankarta takan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci don fitar da zafi. Idan wuta ta ɗauke farat ɗaya, fanka ta tsaya, zafin ya zauna a ciki, sannan wuta ta dawo a kunna ta tun ba ta huce ba, kowane irin wannan yana cin wani abu daga ran ampul. Wasu sababbi an ƙera su su jure hakan, amma ban so in gwada da kuɗina ba. Leza ce maganin wannan, kuma da aljihuna ya kai da ita na ɗauka ba tare da waiwaye ba. Da na duba farashinta a intanet na juya shi zuwa sefa, Yuro ɗaya a 656, na ƙara kuɗin sufuri da na duwan, sai na ga ta ninka mai ampul. Na ɗauki mai ampul na haɗa ta da ondular, wato na'ura mai batir da take riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke. Majigin irin wannan tana jan wat 250 zuwa 350, saboda haka ƴar ondular mai VA 650 da ake sa wa kwamfuta ɗaya a bakin gaɓa take, na sayi mai 1200, ba don in ci gaba da karatu cikin duhu ba, sai don in sami minti biyu ko uku in kashe na'urar cikin mutunci.

Haske kuwa na tsaya a ANSI lumen 3600, domin ɗakin karatu ba a mayar da shi duhu ƙirin, ɗalibai suna rubutu. Ɗakin da ake rufe labule a kashe fitila, lumen 1500 zuwa 2000 na gaskiya sun ishe shi. Ɗigo na ɗauki 1280 a 800, kuma ƙananan lambobin jadawali suna karantuwa daga bencin baya. Na tabbatar tana da ramukan jona wayar kwamfuta iri biyu, na HDMI da kuma tsohon VGA, tunda rabin kwamfutocin da ɗalibaina suke zuwa da su na hannu ne masu shekaru. Lasifikar cikinta ban ma saurare ta ba, duk wanda yake son sauti a ɗaki mai mutum 20 sai ya sayi bafil daban.

An yi mini tayin na hannu, irin waɗanda ake kwasowa daga ofisoshi da makarantun Turai, kuma ba zan ce wa kowa ya guje su ba, domin tsohuwar majigi ta kamfani sananne ta fi sabuwa marar suna nesa ba kusa ba. Sai dai ba a cinikin biri a sama. A cikin jerin saitunanta akwai wurin da yake nuna awannin da ampul ya ci, amma wannan ƙidaya ana iya mayar da ita sifili da danna maɓalli kaɗan, don haka ido ne shaida. Dattijon ya koya mini in zo da kwamfutata ɗauke da shafi uku: fari fat, baƙi ƙirin, da shafi mai ƙananan rubutu har kusurwoyi huɗu. Farin yana tona tabon ƙura da rawaya-rawayar da zafi yake bari a gilashin LCD. Baƙin yana tona fararen ɗige kamar taurari, alamar madubin DLP sun fara maƙalewa, cutar da takan yaɗu kuma gyaranta ya kusa kuɗin na'urar. Rubutun yana nuna ko idon majigin yana kama tsakiya da gefe lokaci ɗaya. Ya ce a bar ta tana aiki rabin awa a ji ko fanka za ta fara kuka, a kuma tambayi kuɗin ampul ɗinta da inda ake samunsa tun kafin a yi ciniki, domin akwai majigin da ampul ɗinta sai an yi odarsa daga waje an jira wata guda.

Ni sabuwa na saya a ƙarshe, da garanti a rubuce, bisa sharaɗi ɗaya da na kafa wa mai kantin: yaronsa zai biyo ni da ita Wadata mu gwada a ɗakin da ƙarfe 3 na rana, tagogi a yadda suke. Ya yi ɗan gunaguni, ya yarda. Gwajin ya nuna tagar yamma tana wanke gefen dama na hoton, abin da labule mai kauri na jika 6 ya magance. Allo ban saya ba, na sayo farin fenti marar ƙyalli a Katako na sa aka shafe bangon sau biyu bayan an goge shi da takardar yashi. A cikin ɗalibai mace ɗaya ce ta ce tana ganin bakan gizo idan ta juya kai da sauri, na dawo da ita tsakiyar aji, ta ce ya ragu.

Falon gidana kuwa talabijin mai inci 55 ce a ciki yanzu. Duk wanda kallonsa na rana ne, ko ɗakinsa bai wuce mutum shida ko bakwai ba, ina ganin talabijin ta fi masa, domin ba ta tsoron haske, ba ta da mataci, wutar da take ci kuma ba ta kai rabin ta majigi mai ampul ba. Majigi tana nuna amfaninta ne idan jama'a sun yi yawa kuma kana da iko da hasken wurin.

Ta jika 45 ɗin ba ta tafi a banza ba. Ƙanena da ya zo daga Tawa da sallar layya ya gan ta a saman kabad, ya ce, "Yaya, in ba ka amfani da wannan, ba ni." Na gaya masa duk aibinta ban ɓoye ko ɗaya ba. Tunda LED ce mai jan wat 60 ko makamancin haka, batirin sola na gidansa yana ɗaukarta ba tare da wahala ba. Yana kunna ta ne bayan isha'i, a cikin ɗaki, a kan farin zane mai faɗin mita ɗaya da ɗan kai, yara goma sha suna zaune a tabarma. Ya kira ni kwanan baya ya ce wani tabo mai ruwan ƙasa ya fito a tsakiyar hoton yana ƙara faɗi, na ce masa zafi ne ya fara ƙona gilashin cikinta, ya ɗaga ta daga kan katifa ya ɗora a kan tebur inda iska za ta ratsa ta, ya kuma riƙa hutar da ita bayan awa biyu.